Ruwan da Inno Ta Ƙi Sha

Ranar da aka buɗe rijiyar Garin Gambo kowa ya sha ruwanta, har jakin maigari, in ban da mutum ɗaya. Kuma wannan mutum ɗayan, don ita aka haƙa rijiyar. Uwata ce, Inno.

Ni ce Sa'a, autarta. Ina aure a Kara-Kara cikin Zinder, ɗinkin mata nake yi, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ni da haƙurin abin da ban gane ba. Cikin 'ya'yan Inno mu biyu muka rage a duniya, ni da Yaya Abdulmumin, wanda 'yan tasha ke kira Mai Nasara saboda abin da ya sa aka rubuta a goshin kamiyonsa, babbar motarsa ta ɗaukar kaya. Shi ne ɗan fari. To, ɗan fari a wurin mutanenmu na karkara abin jin kunya ne: uwa ba ta kama sunansa, ba ta kallon ƙwayar idonsa, ba ta cin abinci yana gani. Sauran mata na ɗan lokaci suke yi, in yaro ya girma su sassauta. Inno kuwa ta riƙe abin kamar farilla. Ana yaye shi aka miƙa shi ga ƙanen babanmu a unguwar Birni, can ya tashi, can ya yi aure, ga shi yau har furfura ta fara leƙo masa, amma in za ta yi zancensa sai ta ce "mutumin Birni". In ya zo gaishe ta ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta juya masa baya ta amsa wa bango.

Wani lokaci in muna komawa gari a mota yakan ce mini, "Auta, ke dai kin more uwa. Ni ƙeyarta kawai na sani." Da dariya yake faɗa, amma ni na san abin yana cinsa.

Garin Gambo ƙauye ne a ƙasar Guna, kuma tun da aka kafa shi tafki suke sha. Da damina ba laifi. Amma in rani ya yi nisa, ruwan sai ya koma kamar kunun kanwa, shanu su shiga, awaki su shiga, mata su bi bayansu da tulu. Bara waccan gudawa ta kwantar da Inno, bara ma ta sake kwantar da ita. Majon likitar Guna, wato babban ma'aikacin asibitin, bayan ya ɗaura mata ruwa, ya ja Yaya gefe ya ce masa gaskiya jikin tsohuwar nan ba zai ɗauki na uku ba, a raba ta da tafkin nan ko ta ƙaƙa.  Da aka gama girbin gero sai Yaya ya kira ni ya ce ya yi magana da masu haƙar rijiya, amma kada in faɗa wa Inno, so yake ta ganta a gama.

Shi ya sa ranar da za a fara aiki, da hantsi, na lallaɓa ta na ce za mu Zinder a duba mata ido. Ta shiga mota tana mita, aka tafi da ita gidana, ni na tsaya in ga yadda za a yi. Wurin haƙa ba a sha wahalar zaɓe ba. Shugaban masu haƙar ya zagaya gari har ya iso kangon gidan kakanninmu, iyayen Inno, a gefen gari ta gabas, inda ba abin da ya saura sai tudun ƙasa da wata magarya. Ya ga magaryar kore shar, gindinta da danshi har da 'yar ciyawa, alhali ko'ina ya bushe ƙayau. Ya buga ƙafa ya ce nan ne, ruwa na kusa. Kango namu ne, ba wanda za a roƙa fili. Yaya ya ce a sare itacen. Ni ban ga komai a ciki ba, magarya ce dai, ƙaya da 'ya'ya, irinta cike da daji.

Ruwan da aka ce yana kusa kuwa, ina! Suka haƙa, suka haƙa, suka tarar da dutsen nan na Damagaram da ba ya jin magana. Shugaban nasu ya riƙa cire hula yana sosa kai, yana cewa shi tun da yake bai taɓa ganin danshi ya yi masa ƙarya haka ba. Amma Allah ya taimaka, daga ƙarshe suka fasa dutsen ruwa ya ɓullo, fari tas, mai daɗi. Aka zuba zobban siminti, aka rufe baki, aka kafa pompo.

Kafin nan na koma Zinder, Inno kuwa ta gaji da gidana ta koma ƙauye. An ce da ta sauka daga mota ta hangi tarin jar ƙasa a kangon ubanta, sai ta tsaya cik. Ta je ta leƙa ramin. Sai gani aka yi tana jan gungumen magaryar nan da rassanta ɗaya bayan ɗaya, ita kaɗai, har ɗakinta. Da aka ba ni labari na ce ai kun san tsofaffi da itacen wuta.

Ranar buɗewa liman ya yi addu'a, Maigari Adamu ya yi jawabi har ya manta inda ya faro, mata suka rangaɗa guɗa. Na cika sabuwar ƙwarya da ruwan farko na ruga gida, ina murna kamar ni na haƙa. Na tarar da Inno zaune a bakin ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na miƙa mata.

Ta dubi ruwan, ta kawar da kai, ta ce, "Na ƙoshi."

Na ce, "Inno, ruwa ne fa, ba tuwo ba."

Ta tashi, ta ɗauki tulunta, ta fita. Ta ratsa ta gefen taron nan, ta wuce mata suna layi da bido, wato jarka, da bokiti, ta miƙi hanyar tafki. Gari duka ya bi ta da kallo. Yaya yana tsaye kusa da maigari, na ga ya gani, na ga ya sunkuyar da kai yana gyara agogo. Ko abincin da aka dafa bai tsaya ci ba, ya shiga mota ya tafi.

Ni kuwa na ce ba inda za ni sai na gane. Na aika wa maigidana cewa ɗinkin mutane ya jira, na baje tabarmata a ɗakin Inno.

Da fari na ɗauka ɗanɗano ne. Wata maƙwabciya ta ce tsofaffi ba sa son ruwan pompo, ƙarfe-ƙarfe suke ji. To, na zuba a sabuwar randa ya kwana ya yi sanyi, na turara randar, na jefa tsamiya. Inno ta ce in ba awaki. Sai wani ya ce ai kango ne, wataƙila tsoron mutanen ɓoye take yi, tunda an sare musu itace ba sallama. Na je wurin liman, bawan Allah ya zo har bakin rijiya ya yi karatu ya tofa. Na dawo na gaya mata an gyara wuri. Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Ni a kangon nan aka haife ni, wane aljani ne bai san ni ba?" Sai kuma aka ce mini ai sun taɓa samun saɓani da matar maigari a kan wata tunkiya, kuma matar maigari ce ke riƙe da makullin pompo. Na karɓo makullin na ajiye a gaban Inno. Ta ce in mayar musu da abinsu kada a ce ta yi sata da tsufanta.

Na ce, "To Inno, don girman Allah, mene ne? Kunyar Yaya ce? Kin ci shinkafar da yake aikowa, kin ɗaura zanen da yake saye, sai ruwa ne za ki ji kunya?"

Ta ce, "Ke dai kin cika surutu, Auta."

Wallahi kaina ya ɗaure. Kullum da asuba sai ta ɗauki tulu ta tafi tafki, tana tafe tana hutawa. Abin da ya ƙara rikita ni, in ta dawo ba gida take fara shigowa ba. Sai ta bi ta kangon, ta tsaya nesa da rijiyar da tulu a ka, ta yi ta kallon simintin kamar wadda ta zo unguwa ta tarar an tashi, sannan ta juyo gida. Na tambayi tsofaffin matan garin, kowace ta ce, "Uhm, Inno ke nan," ta canja zance. Yaya kuma kullum sai ya bugo waya, ba ya ko gama gaisuwa sai ya ce, "Ta sha?" In ce ba ta sha ba. Ya ce to, ya kashe.

Da na ga zafi ya fara, tafki yana ja da baya, sai na ce wayo zan yi mata. Tana sallar azahar na juye randarta a bayan ɗaki, na cika ta da ruwan rijiya, har na ɗan barbaɗa ƙasa don ya yi duhu. Ta idar, ta ɗebo a moɗa, ta yi kurɓi ɗaya ta haɗiye. Sai ta tsaya. Ta dubi moɗar, ta dube ni. Moɗar ta suɓuce ta faɗi.

Na zaci zagi zan sha. Maimakon haka sai ta kama hannuna ta ce, "Kira Birni. Kira yanzu. Ki ji ko lafiya."

Na ce, "Lafiyar wa?"

"Ki kira na ce!"

Na kira. Kuma ka ji rashin sa'a, ga ni Sa'a: Yaya ya ɗauka yana nishi, wai taya ce ta fashe masa a hanyar Tanut, kamiyon ya sauka gefen hanya, ƙofa ta gurje masa hannu, amma ba komai, har an ɗaure. Ina kashe waya na ga Inno ta zauna daɓas a ƙasa, ta ɗora hannu biyu a ka, tana cewa, "Na sani. Ai na sani." Na ce me kika sani? Taya fa aka ce, tayar da ta ga hanya ta gaji! Ba ta ko ji ni ba.

Daga ranar nan ta daina yarda da ni. Duk ruwan da ta ga ya yi fari, ba ta sha. Na sa aka kawo mini ruwan leda daga Zinder, ta ce ta san ni, na iya ɗura na rijiya in liƙe. Sai wanda ta gani da idonta an ɗebo daga tafki, shi kuwa tafkin ya zama taɓo, sai an yi rami a tsakiya a jira ya tsattsafo. Ina tafasawa, ina tacewa da ɗankwali, amma wari na nan. Ba a daɗe ba abin da majo ya faɗa ya faru, gudawa ta dawo. Cikin ɗan lokaci Inno ta zabge, idanu suka faɗa, in ka ja fatar hannunta sai ta tsaya a tsaye. Majo ya zo a kan moto, wato babur, ya ɗaura mata ruwa, ya ce wannan ba zai isa ba, dole ta riƙa sha da baki, kuma mai tsabta. Na ce masa ga ta nan, ya gaya mata da kansa. Ya gaya mata, ta ce Allah ya yi masa albarka, ta juya.

Tsoro ya kama ni sosai. Ga ruwa mai kyau a bakin gari yara suna wanka da shi, ga uwata tana bushewa a kan gado, kuma ban san da me nake faɗa ba.

Wata safiya itacen wuta ya ƙare mini, ga taɓon Inno ina son tafasawa. Sai na tuna da magaryar da ta jawo. Na leƙa ƙarƙashin gadonta, ga su nan a jere, gungumen ma an lulluɓe shi da zanenta na zuwa biki. Na ce yau ga wani sabon salo, itace da sutura. Na zaro reshe ɗaya na fita da shi, na karya a gwiwa na tura a murhu.

Ban san yadda aka yi ba. Matar da ba ta iya tashi zaune sai an tallafe ta, sai ga ta ta rarrafo har tsakar gida, ta sa hannu cikin wuta ta fizge reshen nan, ta rungume shi tana kashe wutar da tafin hannunta. Na ƙwalla ihu. Daidai nan Kaka Zuliha ta yi sallama, tsohuwar ungozomar garin, wadda ta zo duba mai jiki. Ta ga Inno a ƙasa, ta ga reshen, ta ga ni. Muka kama Inno muka mayar da ita gado, ita da reshenta. Sannan Kaka ta ja ni da kunne, da girmana da 'ya'yana, har bayan rumbu.

Ta ce, "Ke wace irin yarinya ce? Kashe ta za ki yi?"

Na fashe da kuka na ce, "Kaka, ni ce zan kashe ta? Kowa a garin nan ya san wani abu ban da ni. In tambaya a ce mini uhm. To ga ta nan za ta mutu, ku ci gaba da uhm ɗinku!"

Kaka ta duba hagu da dama, ta rage murya. Ta ce ita ta karɓi haihuwar Yaya, a gidan kakanninmu, tunda haihuwar fari a gidan iyaye ake yi. Ita ta yanke cibiya, ita ta wanke mabiyiya ta binne a bayan ɗakin kakarmu, kuma da guntuwar cibiyar ta faɗi nan aka haɗa aka binne. Shekarar da aka ɗauke yaron aka kai Birni, Inno ba ta yi kuka a gaban kowa ba, don abin kunya ne. Da damina ta sauka sai ga 'yar magarya ta tsiro a daidai wurin nan. Tun daga ranar, tulun farko da Inno za ta ɗebo kowace safiya, a gindin magaryar take juye shi. Gidan ya rushe, iyayenta suka rasu, itacen ya girma har ya fi ƙarfin ban-ruwa, ba ta fasa ba.

Na ce, "Danshin da masu haƙa suka gani ke nan?"

Kaka ta ce, "Tulun uwarki suka gani."

Na jingina da rumbu. Sai na tuna da ƙullin 'ya'yan magarya da Inno ke ba ni kowace shekara, ta ce in kai Birni a ba yaran gidan. Ni har tsiya nake yi mata, in ce magarya ai cike take a kasuwar Dole ta Zinder.

Na ce, "To me ya hana ku faɗa tun ranar da aka zo da gatari?"

Ta ce, "Kafin labari ya iso mana an riga an kayar. Kuma a faɗa wa wa? In tsaya gaban ɗa in ce masa uwarka na sonka? Haba 'yar nan, mu ma ai da kunyarmu. Asirinta ne, muna gani muna kawar da kai."

"Shi ne take fushi da ruwan?"

"Ba fushi ba ne, tsoro ne. A ganinta ta cikin cibiyarsa aka bi aka haƙa ramin nan. Kowa ya sha ba komai, su bare ne. Amma ita uwa, in ta kurɓa, daga kwanansa ta rage. Kuma kin ba ta ta kurɓa, mota ta faɗi da shi. Yanzu wa zai gaya mata ba haka ba ne?"

Na ce wannan ai babu shi a littafi, babu shi a likita. Kaka ta ce to in shiga in gaya mata, tunda ni ce mai baki. Ban shiga ba. Na fita bayan gari inda waya ke kamawa, na kira Yaya, na zayyana masa komai ina jan majina.  Ya ce, "Magaryar nan da kike kawowa, ta wurin ce?" Na ce ta wurin ce. Ya ce, "Ni fa nake cinyewa, Auta. Ɓoyewa nake yi kada yara su gani." Sai ya kashe.

Washegari rana ta take sai ga shi, a motar haya, hannu a naɗe da bandeji. Bai shigo gida ba. Ya aiko a karɓar masa ƙwarya, ya wuce rijiya. Mata suka ce ya kawo su buga masa, ya ƙi, ya buga pompon da hannu ɗaya har ta cika. Ya ɗauko ta yana tafe a hankali, ya zo ya durƙusa a bakin ƙofar Inno, a cikin ranar nan, ya ajiye ƙwaryar a gabansa. Na lura leɓɓansa sun bushe sun tsattsage. Inno tana jin sallamarsa ta juya ta fuskanci bango. Ni kuma na zauna a dokin ƙofa, rabina a ciki rabina a waje, tunda na san aikina.

Inno ta ce, da 'yar muryar da ta rage mata, "Auta, ki ce wa mutumin Birni an gode, ya koma, rana ta yi zafi."

Tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba, amma na juya na ce, "Yaya, wai an gode, ka koma."

Ya ce, "Ki ce mata ni na ce a sare itacen. Ban sani ba. Ta yafe mini."

Na faɗa. Ta ce, "Ki ce ba a yi komai ba."

Ya ce, "Ki ce mata tayata ce ta tsufa, tun watan jiya yaran gareji suke ce mini in canja."

Na faɗa. 

Ya gyara durƙuso.  Ya ce, "Ki ce mata, ta cibiyar nan ta ba ni ci da sha tun ban san kaina ba. Bayan an yanke ma ashe ba ta daina ba. Ni ban taɓa ba ta ko ludayi ɗaya da hannuna ba. In ma kwanana ne a cikin ƙwaryar nan, ai nawa ne, na ba ta."

Wannan ban iya maimaitawa ba. Kuma ba a buƙata, na ga kafaɗarta tana motsi. Amma ta ce, "Ki ce masa ba a yi wa Allah wayo da irin wannan magana. Ya tashi."

Yaya ya ce, "To ki ce mata tun jiya da kika kira ni ban sa ruwa a bakina ba. Kuma ba zan sa ba sai ta sha. In tafki ne ma ba ni sha. Nan zan zauna."

Na ce, "Yaya, ka haukace? A wannan zafin?" Na ma manta ni 'yar aike ce. Yanzu kuma mutum biyu ke gare ni masu ƙin ruwa, ga rijiya sabuwa fil a bakin gari. Na ce innalillahi, wane irin gida aka haife ni!

Gado ya yi ƙara. Na waiwaya, sai na ga abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo: Inno ta juyo. Ta ɗaga kai da ƙyar, ta dubi ƙofa, ta dubi fuskarsa, ta tsayar da ido a kan leɓɓan nan nasa. Shi kuwa ya kasa ɗagowa, ƙasa yake kallo kamar yaron da ya yi ɓarna.

Ta ce, "Auta, da gaske bai sha ba?"

Na ce, "Ga bakinsa nan kina gani."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Saki labulen."

Na saki labule ya raba su. Ta ce in tashe ta zaune, na tashe ta na jingina ta da ƙirjina. Ta ce, "Miƙo." Na sa hannu ta ƙarƙashin labule na jawo ƙwaryar. Ta riƙe ta da hannu biyu, har da wanda ya ƙone, ruwan yana zuba mata a zane. Ta yi bismilla, ta rufe ido kamar mai shan maɗaci, ta kafa kai. Gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai wucewar ruwan a maƙogwaronta, kuma na san ana ji daga waje.

Da ta sha kamar rabi ta cire baki tana haki. Ta kasa kunne wajen ƙofa. Ya yi tari, ta ji yana nan da ransa. Sai ta sunkuya da kanta, ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta tura ta ƙarƙashin labulen da 'yan yatsunta.

Muka ji ya ɗauka. Muka ji yana sha, gaɓ-gaɓ-gaɓ, yana sha yana shessheƙa, har ruwan ya sarƙe shi. Na buɗe baki ina jiran a ce in ce masa wani abu.

Ba ta ko dube ni ba. Ta matsa kusa da labulen ta ce, "A hankali mana, kada ka ƙware."